Gwanintar Buɗe Ƙofar da Aka Rufe wa Rigakafi

Ɗiga wa yaro maganin foliyo ba ya cin minti guda. A matse kumatu, a ɗiga ɗigo 2, a shafa tawada a ƙaramin yatsan hannun hagu, a yi wa bangon gida alama da alli, a wuce gaba. Duk wanda ya iya riƙe kwalba zai koyi wannan kafin azahar. Abin da ba a koyo kafin azahar shi ne yadda za a kai ga bakin yaron, in uwarsa ta tura shi ƙuryar ɗaki ta saki labule, ko ubansa ya tsaya a zaure ya ce kada a sake taka masa gida. Wannan aikin na wasu ne daban, yawancinsu mata, kuma a ganina yana cikin manyan gwanintar da ƙasar Kano ta fitar a shekaru 20 da suka wuce, duk da babu makarantar da ke ba da takardar shaida a kansa.

A ɗauki misalin Kurugu. Ɗaya ce daga mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Karaye, wadda ita da Rogo suka haɗu a masarauta ɗaya, suke kuma tura wakili ɗaya majalisar tarayya. Ƙasar noma ce, ga masunta a bakin madatsar ruwa ta Challawa, ga rugagen Fulani, sannan Rogo ta yi iyaka da Katsina da Kaduna, inda aure da kasuwa ba su san da wani layin jiha ba. Yaron da aka rubuta sunansa yau, gobe an goya shi zuwa biki a wata jihar. A irin wannan wuri kowa ya san kowa, ya san kakansa, ya san abin da ya haɗa gidan wane da gidan wane shekaru aru-aru. Baƙuwar da ta sauko daga mota da takarda a hannu za a ba ta tabarma da ruwa, a saurare ta cikin ladabi, ta tafi ba a fito mata da yaro ko ɗaya ba.

Masu shirin yaƙi da foliyo sun daɗe kafin su yarda da wannan. A 2012 ne asusun UNICEF da hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa suka fara ɗaukar mata 'yan sa-kai a jihohin Arewa da cutar ta fi ƙamari, ciki har da Kano. Su ne ake gani da shuɗin hijabi. Babban sharaɗin ɗaukar mace shi ne ta zama 'yar garin, wadda ake jin maganarta, wadda rubutun "ba a shiga" da ke ƙofar gida bai shafe ta ba.

Gwana a cikinsu ba ta fara aiki ranar rigakafi. Tun mace na da ƙaramin ciki ta san da shi, ta dame ta da zancen zuwa awo. Ranar haihuwa tana cikin 'yan barka, ranar suna tana cikin masu aikin tuwo, kuma a tsakanin nan ta tabbatar an yi wa jariri lamba da sauran alluran da ake yi da haihuwa. Saboda haka ranar da masu ɗigo suka shigo gari, ba rigakafi ne ya yi sallama ba, Gwaggo wance ce, wadda ta zo dubiya lokacin da yaron ya yi gudawa.

Amma zuciyar gwanintar tana wani wuri. Mai ƙaramin sani yana ɗaukar duk wanda ya ce "ba ma so" a matsayin mutum iri ɗaya, jahili, sai ya buɗe masa karatu iri ɗaya. Gwana ta san cewa "ba ma so" baki ɗaya ne, dalilan da ke bayansa ne da yawa, kuma maganin wani dalilin guba ne ga wani. Don haka abin da take fara yi shi ne ta zauna, ta gaisa har gaisuwa ta ƙare, ta tambayi masu jiki, ta bar matar gida ta yi magana. Sau da yawa ba a cikin amsar farko gaskiyar take ba. "Yana barci", "an yi masa jiya", "ya bi yayarsa gona", duk waɗannan hanyoyi ne na korar baƙo ba tare da an ci masa fuska ba.

Dalilin da ya fi yawa ba na matar ba ne ma. "Maigida bai ba da izini ba." A nan sabuwar hannu kan yi kuskure, ta tsaya tana kafa wa matar hujja, ko ta lallaɓa ta a ɗiga a ɓoye. Gwana ba ta yin haka, domin ta san ita za ta tafi gidanta, matar ce za ta kwana da abin da ya biyo baya, wani lokaci har da igiyar aurenta. Sai ta ce, "Ba komai, Maman Sani, kin yi daidai da kika jira shi. Yaushe yake dawowa daga gona?" Daga nan ta fara lissafin da ba a rubuta shi a littafin horo ba: wannan maigidan maganar wa yake ji? Wani limaminsu ne, wani yayansa, wani ubangidansa a kasuwa, wani kuwa duk duniya ba ya tsallake maganar mahaifiyarsa. In tsohuwar gidan ta ce a kawo mata jikanta a ɗiga masa a cinyarta, magana ta ƙare.

Akwai kuma uwar da ta taɓa kai ɗanta, aka yi masa allurar cinya, ya kwana yana kuka da zazzaɓi, wurin ya kumbura, maigida ya ce ga abin da kika jawo. Wannan ba jita-jita ta ji ba, da idonta ta gani. Duk wanda ya ce mata allura ba ta sa zazzaɓi, ya zama maƙaryaci a wurinta har abada. Abin da gwana take yi shi ne ta riga zazzaɓin zuwa. Tun kafin a je asibiti take faɗa: jikinsa zai iya yin zafi kwana ɗaya ko biyu, cinyar za ta iya ɗan tashi, ki ci gaba da ba shi nono, ki ba shi maganin zazzaɓi yadda ma'aikaciya ta ce, in ya wuce haka ki aiko a kira ni. Washegari kuma ta leƙo. Zazzaɓin da aka yi gargaɗinsa yana ƙara wa mai gargaɗin daraja, wanda ya zo ba zato kuwa yana rufe gida guda, wani lokaci layi guda. Wannan allurar ta cinya, da ake yi a sati 6 da 10 da 14, ita ce ke kare yaro daga mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta da wasu cututtukan, kuma yara da yawa daga ta farko ake rasa su, saboda daren nan guda na kuka.

Na uku shi ne mai fushi, kuma ni dai ban taɓa iya ganin laifinsa gaba ɗaya ba. Cewa yake: zazzaɓin cizon sauro na kashe mana yara, mu je asibiti a rubuta mana magani mu saya, rijiyar burtsatse ta lalace shekara guda, taki ya gagara, amma wannan ɗigon kaɗai ake biyo mu da shi har ɗaka, kyauta, wata bayan wata. Me ke cikinsa? Tambaya ce ta mai hankali. Mai wayar da kan da ta san aikinta ba ta kare gwamnati, domin ita ma daga rijiyar nan take ɗiba. Takan ce gaskiyarka Malam, sannan ta raba masa magana biyu: haƙƙinka da ba a ba ka ba daban, ƙafar ɗanka daban. Ta bayyana masa cewa foliyo ba ta da magani in ta kama, kuma cikin yara kusan 200 da ƙwayar cutar ta shiga jikinsu ɗaya ne take shanyewa, yawancin sauran suna yawo da ita lafiya lau suna zubar da ita a bayan gida, shi ya sa ake bin kowane yaro ba mai ciwo kaɗai ba. Koken irin waɗannan magidanta ne, da masu aikin rigakafi suka riƙa kai wa taron bitar da ake yi kowace yamma a lokacin zagaye, ya sa shirin kansa ya sauya. Tun 2006 aka fara haɗa ɗigon da wasu abubuwa kamar sinadarin bitamin A da maganin tsutsar ciki da sabulu, a 2014 kuma aka baza sansanonin duba marasa lafiya a Kano, inda uwa za ta samu maganin zazzaɓi da na gudawa a wurin da ake ɗigon.

Sai babban dalili, wanda ya fi kowanne tsawon rai: wai an sa maganin hana haihuwa a cikin ɗigon. Ba a fahimtar wannan sai an koma 1996, shekarar da sanƙarau ya kashe dubban mutane a Arewa. A lokacin ne kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana da ke Kano, a gwajin da ya shafi yara 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da ya amsa laifi ba. Trovan ba rigakafi ba ne, maganin mai ciwo ne, amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Da Dokta Datti Ahmed da majalisar ƙoli ta shari'ar Musulunci suka ta da zargin gurɓata maganin foliyo a 2003, sun samu kunnuwa a buɗe. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda, ba a dawo ba sai a Yulin 2004, bayan an gamsu da maganin da aka samo daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Kafin ƙarshen shekarar gwamnan ya miƙa 'yarsa aka ɗiga mata a bainar jama'a. Amma ɓarnar ta riga ta auku. Yaran da foliyo ta shanye a Nijeriya sun tashi daga 202 a 2002 zuwa sama da 1,100 a 2006, cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20, ta kai Sudan da Yaman, ta kai har Indunusiyar da aka sayo maganin.

Gwana ba ta musun Pfizer. In aka kawo zancen takan ce an yi, kuma ba a kyauta ba. Wannan amincewar ita ce ke sa a saurari abin da zai biyo baya. Sannan ba ta ɗauko sunan wani ɗakin gwaje-gwaje da ba wanda ya taɓa gani, tsakar gida take nunawa. Yarinyar da aka ɗiga wa a 2004 yau ta haura shekara 20, tana ɗakin mijinta, da goyo a baya da wani a hannu. "Baba, wance 'yar gidan wane ba a gabanki aka yi ta ɗiga mata ba? Yanzu 'ya'yanta nawa?" Tsohuwa ta ƙirga da yatsu, ta yi dariya. Lokaci ya ba matan nan hujjar da ba su da ita a 2003, kuma sun iya amfani da ita ba tare da sun kunyata kowa ba. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci. Dattijon da ya shekara 10 yana cewa a'a ba zai ce "na yi kuskure" a gaban matansa ba. Sai a bar masa hanyar fita: ai yanzu an gyara, ai Sarki ya yi magana, ai don darajar Liman. Ko wanne ya zaɓa, yaro dai ya samu.

Inda maganar ta koma ta ƙaddara da tawakkali, mace mai hankali ba ta mayar da kanta malama. Liman take nema, shi ya kawo labarin yadda Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka a can, ya kuma tuna wa jama'a cewa Saudiyya ba ta barin maniyyaci ya shiga sai da shaidar allurar sanƙarau, kuma shekaru da dama ana ɗiga wa alhazan Nijeriya maganin foliyo, tsoho da yaro. Ba a taɓa jin wanda ya fasa Makka saboda haka ba. Mai cewa shanyewar ƙafa aikin iska ne, ita ma ba a yi mata dariya. A bar ta da addu'arta da rubutunta, a roƙe ta ta haɗa da ɗigon.

Sanin wanda za a tura shi ne rabin aikin. Wanzamin da ke askin suna da ungozomar da ke yanke cibiya sun fi kowane ma'aikaci sanin inda aka haihu, shi ya sa aka jawo su ciki, suna kai rahoto ga mai unguwa. Sarakuna sun shigo da ƙarfi tun 2009, lokacin da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, kuma daga nan umarni ke gangarowa ta hakimi da dagaci zuwa mai unguwa. Akwai kuma waɗanda cutar ta riga ta shanye. Aminu Ahmed Tudun Wada, shugaban ƙungiyarsu a Kano, wanda ke ƙera kekunan da ake tuƙawa da hannu, ya shafe shekaru yana bin masu rigakafi gida-gida tare da mutanensa. In mutum ya gangaro daga kekensa ya ja jiki zuwa bakin zaure ya ce wa maigida ya dube shi da kyau, ba a cika doguwar muhawara ba. A Gezawa kuma, a 2008, Dokta Nasir Sani Gwarzo da abokan aikinsa sun farfaɗo da majigi: a kafa farin ƙyalle a dandali da dare, a nuna yadda cutar ke yi wa yara, sannan a buɗe fili kowa ya yi tambaya. Yawan masu kawo yara ya ɗaga sosai a garuruwan da aka yi haka.

An gwada ƙarfi ma. A 2011 gwamnatin Kano ta yi barazanar gurfanar da iyayen da suka ƙi. Ina da shakka a kan amfanin wannan hanya, domin abin da tsoro ke haifarwa sananne ne a wurin masu aikin: uwa ta roƙi a shafa wa yaro tawada a yatsa ba tare da an ɗiga ba, mai ɗigon da ta gaji ta yarda, takarda ta cika, yaro ya tashi a banza. Gidan da aka shawo kansa da lalama yakan kawo ƙanen yaron da kansa, wanda aka tilasta kuwa sai an sake komawa da dagaci.

Kada a ɗauka aikin hira ce kawai a inuwa. Ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe masu aikin rigakafi 9 a wasu ƙananan asibitoci biyu a Hotoro da Unguwa Uku cikin birnin Kano. Bayan wannan, matan da suka sake ɗaukar akwatin sanyi suka fita, sun san abin da suke yi. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar foliyo ta shanye a jihar Kano an same shi ne a Sumaila a Yulin 2014, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Afirka ta rabu da ita.

Wannan nasarar ita ta haifo tambayar da ta fi kowace wuya a yau: in an ce an gama, me ya sa har yanzu kuke zuwa? Amsar gaskiya tana da nauyi. Ɗigon yana ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana. A garin da yawancin yara suka karɓa, tana mutuwa a nan. A garin da aka bar yara da yawa ba rigakafi, tana iya yin ta yawo daga ciki zuwa ciki har ta sake yin ƙarfi ta shanye wani. Don rage wannan ne aka fara amfani da sabon nau'in ɗigo a Nijeriya a 2021. Mai ƙaramar dabara za ta kauce wa tambayar. Gwana takan faɗe ta yadda take, ta ƙare da cewa yaron da ba a ɗiga wa ba shi abin ke kamawa, ba wanda aka ɗiga wa ba.

Jita-jitar ma ta sauya kafa. Da a majalisa ake jin ta ko a kaset, yanzu saƙon murya ne a WhatsApp, ya taso daga inda ba a sani ba, kafin la'asar ya zaga wayoyin gari. An ga haka lokacin korona, an sake gani a Oktoban 2023 da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa, Kano na cikin jihohin farko. Allura ga 'yan mata zalla, ai tsohon zargin nan ko tashinsa ba sai an yi ba. Dabarar da ta fi aiki ita ce a saurari saƙon tare, har ƙarshe, sannan a yi tambayoyin da ake yi wa kowane mai kawo labari: wane ne shi, ɗan wane gari ne, a wane asibiti abin ya faru, wa ya gani? Saƙon da ba shi da suna ba shi da gari, in aka ajiye shi kusa da matar da aka sani tun tana yarinya, wadda ta fara kai tata 'yar aka yi mata, ba ya yin nauyi.

Abin da ke faruwa in aka yi sakaci kuwa Kano ta riga ta gan shi. Mashaƙo, cutar da matasan likitoci da yawa a littafi kawai suka santa, ta ɓarke a ƙarshen 2022, a 2023 kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu ita, har aka buɗe wuraren jinya na musamman a Asibitin Murtala da Asibitin Zana. Mafi yawan yaran da ta kama ba su kammala allurar cinyar nan ba, ko ba a taɓa yi musu ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2023 ya nuna yara sama da miliyan 2 a Nijeriya ba su samu ko ta farko ba, adadin da ya fi na kowace ƙasa.

Matan da ke wannan aiki alawus ɗinsu bai taka kara ya karya ba, kuma ya dogara ne da tallafin waje da ke raguwa tun da aka ce an ci ƙarfin foliyo. Ya kamata shugabannin ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, da masarauta, su nemi hanyar riƙe su da kuɗin gida, kafin su watse da sanin da suka tara na gida-gida. Magidantan Kurugu da kewaye kuma, abin da ake nema a wurinku bai da yawa: ku ba iyalinku izini sau ɗaya wanda zai tsaya, ko kuna gida ko kuna ci-rani, cewa a kai yaro da haihuwa, da sati 6, da 10, da 14, da wata 9, da wata 15, kuma a adana katin.